Faɗin Tabarma Ɗaya

Gummi, farkon Satumba

Zuwa ga Yaya Muttaka, rabin raina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na Abuja. Mu nan lafiya lau. Goggo ta warware daga zazzaɓin, har ta koma faɗa da kaji, ta ce in gaishe mata da ɗanta mai mantuwa. Ni kuma ƙafafuna sun ɗan kumbura, amma a asibiti sun ce ba komai, haka cikin wata bakwai yake. Ɗan cikin nan dai ba ya hutawa, da alama halinka ya ɗauko.

Tun da aka yanke layin waya a jihar nan na zama marainiya sau biyu. Ba muryarka, ba kuma littafin da nake bi a waya, wanda ya tsaya daidai inda yarinyar ta buɗe ƙofa. Har yau ban san wa ta gani ba. Malami direba ya ce zai riƙa kai maka takarda yana kawo min amsa, saboda haka ka nemi biro.

Ka ce in faɗa maka yadda nake son cikin gidanmu kafin Hudu magini ya gama tada bango. Zan faɗa, amma sai na fara da wata rana, don daga ita komai ya taso.

Ina da shekara goma, muna Yargalma. Ka san labarin gubar dalma, ka san a cikinta muka rasa Haris, autanmu, bai cika shekara uku ba. Abin da ban taɓa ba ka labarinsa ba shi ne ranar da aka zo kwashe ƙasa. Mutane suka shigo gidanmu da takunkumi a fuska, da shebur da fartanya da buhuna. Suka ce gubar tana cikin ƙasar tsakar gida, daga duwatsun zinariyar da ake dakawa a nan. Ƙasar da muke zama a kai mu ci tuwo ce fa, wadda Haris yake rarrafe a kanta. Suka kankare ta, suka ɗura a buhu, suka fita da ita kamar ana fitar da gawa. Inna ta je bayan ɗakinta ta zauna dirshan ta ƙi tashi, sai da babbansu ya durƙusa ya yi mata wata magana da ban ji ba, sannan ta matsa. Tun ranar ban sake taka ƙasa ba takalmi ba. Kana yi min tsiya wai da silifa aka haife ni. To ga dalilin.

Saboda haka ga gidana. Fari nake so. Bango fari, ba hoto, ba kalanda, ba furen roba. Falo mai faɗi da taga babba, yadda hasken safe zai shigo ya kwanta a ƙasa ba abin da ya tare shi. Kujeru biyu da darduma ɗaya, shi ke nan. Ba na son jere. Na san Goggo za ta ce mutane za su zaci iyayena ba su yi min kayan ɗaki ba, amma kwanukan su shiga kabad a cikin bango a rufe, wanda ke son gani ya tambaya in buɗe masa. Kicin ya zama a ciki, kada in riƙa ratsa ruwan sama da tukunya. Ɗakin Inna daga gabas, ƙofarsa tana kallon tawa. Tsakar gida kuwa, daga bakin zaure har bangon baya, tayil. Ba na son ko dumtse ɗaya na ƙasa a gidan da ɗana zai yi rarrafe. Kai da kake shimfiɗa wa manyan Abuja tayil, ba za ka kasa yi wa matarka ba.

Abin da ya fi damuna Inna ce. Labarin da ke zuwa daga gefen Bukkuyum ba daɗi, ga shi yanzu ko waya babu in ji muryarta. Sau nawa nake ce mata ta taso, kullum amsarta sai ta gani. Ina jin in ta ga ɗakinta a tsaye, da ƙofa da taga, za ta yarda. So nake kafin in sauka ta kasance a nan, kuma zama na gaba ɗaya.

Ka riƙa cin abinci. Na san ka.

Taka har kullum,
Sahura

Abuja, tsakiyar Satumba

Zuwa ga Hajiyar littafi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da ƙamshin turarenki da kuma ƙarnin busasshen kifin da Malami ya loda a mota. Lafiyata lau, sai gwiwa, ita kuma sana'ar durƙuso ba a raba ta da haka. Ki gaishe da Goggo. Ƙafar nan ki riƙa ɗora ta a kan filo, kuma ki rage gishiri in za ki iya.

Rabona da rubuta wasiƙa tun makaranta, don haka kada ki sa ran kalaman samarin littafinki. Su ba su da aikin yi.

Na karanta labarin ranar nan. Na daɗe a zaune ban koma bakin aiki ba. Allah ya jiƙan Haris, ya sa mai ceto ne. Tsiyar silifa kuma na bar ta.

Ga zanen gidan, a bayan kwalin tayil na yi shi na yanko. Duk abin da kika ce na sa, sai 'yan gyare-gyare. Farin tayil a tsakar gida a zafin Gummi ba zai yiwu ba, ki tuna da watan azumin bana. Zai gasa ƙafa ya kashe ido. Zan kawo mai ruwan toka marar santsi. Na biyu, gidajen da nake aiki a nan duk irin wanda kike so ne, falo wayam kamar masallaci bayan an watse. Amma in gaya miki gaskiya, kowannensu yana da wani ɗaki a baya da ba a nuna wa baƙi, can ake tura tarkacen. Na sa miki irinsa, za ki ga na rubuta sito. Turmi da taɓarya da tsintsiya su ma 'yan gida ne.

Na uku, za ki ga wani ɗan wuri bayan ɗakin Inna da ban ja wa layi ba. Na bar shi ƙasa. Filin nan gonar gero ce tun kakanni, ba a taɓa daka dutse a cikinsa ba, ƙasarsa ba irin waccan ba ce. A dasa zogale ko lemun tsami. Inna ba ta iya zama ba ta shuka wani abu ba, kin fi ni sani. Kuma ragon suna, a kan tayil za a yanka shi?

Yarinyar da ta buɗe ƙofa, ina jin mai karɓar kuɗin wuta ta gani.

Mijinki,
Muttaka

Gummi, ƙarshen Satumba

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwar ka riƙa gasa ta da ruwan zafi.

Zane ya yi kyau, na gode. Tayil mai ruwan toka na yarda, sito ma na yarda, ko da yake ka ɓata min gidajen da nake gani a hoto.

Amma wurin nan na baya ban yarda ba. Na ba ka labarin da ban taɓa ba kowa ba, kai kuma ka mayar min da zogale. A littafi, in mace ta buɗe abin da ke cin ranta, namiji ba ya kawo mata maganar rago. Na san ƙasar Gummi ba ta da komai. Kaina ya sani. Ƙafata ce ba ta sani ba. Tun da na ga ɗan farin wurin nan a jikin kwali nake ganin yaro ya sulale ya nufe shi ina kicin, ya dumtso ya kai baki. Rago a yanka shi a ƙofar gida kamar na kowa. Zogale a saya.

In dai gidan nan nawa ne kamar yadda ka ce, a rufe wurin.

Sahura

Gummi, bayan Mauludi

Zuwa ga Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa na ji shiru. Malami bai shigo ba tun tafiyarsa, wasu sun ce mota ce ta lalace masa, wasu sun ce hanya ce ba kyau. Kullum in na ji tsayuwar mota sai in leƙa, har Goggo ta ce zan huda mata labule. Wannan takarda wani ɗan unguwarmu zan ba, Allah ya sa ta riske ka. In fushi kake da ni saboda waccan, ka yi haƙuri ka karanta wannan har ƙarshe.

Inna ta zo. Lukman yayana ne ya rako ta har tasha, ta iso da sabon gero da daddawa da ƙullin kuka, ta rame amma lafiyarta lau. Washegari na kai ta ta ga ginin. Bango ya kai, an sa rufi, saura daɓe. Na shiga da ita falo ina nuna mata inda kujeru biyun za su zauna, ta tambaye ni sauran kayan fa, na ce ai babu. Ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "Ɓarayi sunka riga ku tarewa?" Hudu da leburorinsa har da riƙe ciki. Na yi mata bayanin kabad na cikin bango, ta ce to, zamani ke nan, a da ana ɓoye talauci, yanzu kwanuka ake ɓoyewa.

Ɗakinta ya burge ta. Ta ƙwanƙwasa bango, ta leƙa ta taga, ta ce iska na shigowa. Ta tambayi inda za a ɗora tukunyar wankan jego, na ce a kan gas, ta yi dariya ta ce gas ɗin zai gane kurensa. Ni dai zuciyata fari ƙal, ina cewa shi ke nan, ta yarda.

Sai muka zagaya baya. Na nuna mata wurin da ka bari a zane, ta ce nan fa. Na ce ai rufewa za a yi, duk gidan ba za a bar ƙasa ba. Ta ce duka? Na ce duka. Sai ta ce, "To mabiyiya hwa, ɗiyata? Ina za a sa ta?"

Wallahi Yaya, ban taɓa tunawa ba. Littattafan da na karanta sun fi cikin akwati, an haihu a cikinsu ba adadi, amma ba wanda ya taɓa faɗin inda aka binne mabiyiyar jariri. Na ce mata ai a asibiti zan haihu, su sun san yadda suke yi, ko a nemi wani wuri a waje. Ba ta yi musu ba. Ta ce mu koma rana ta yi.

Da la'asar muna tsinke zogale a tsakar gidan Goggo, ba tare da ta ɗago ba ta fara magana. Ta ce mu huɗun da ta haifa, duk mabiyiyarmu tana bayan ɗakinta a Yargalma, wuri ɗaya, ungozoma ta wanke ta binne, kuma a kai aka zuba ruwan wankanmu na farko. Ta ce ranar kwashe ƙasar nan ba kuka ne ya zaunar da ita ba, kamar yadda na zata duk shekarun nan. Tsoro ta ji kada su haƙa su tafi da mu a buhu. Abin da mutumin ya durƙusa ya gaya mata shi ne sama-sama za su kankare, ba za su yi zurfi ba.

Sannan ta ce, "Mata ba su zuwa maƙabarta. Ban san inda anka sa Haris ba, yara sun yi yawa shekaran nan. Wanga wuri shi kaɗai nas sani."

Shi ya sa ba ta tasowa, Yaya. Ba gona ba ce, ba akuya ba ce. Ta ce za ta zauna min har in yi arba'in, sannan ta koma. Na ce ga ɗaki an gina mata. Ta ce ɗaki ya yi kyau, Allah ya sa albarka, amma gidan da mutum ba shi da komai nasa a cikin ƙasarsa, baƙunta yake yi ko ya shekara nawa. Na ce in aka sa mabiyiyar jikanta a sabon gidan fa? Ta ce ai kin ce rufewa za a yi. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Ban san abin da nake so ba yanzu. In na rufe ido ina ganin yaro da ƙasa a baki, in na buɗe ina ganin Inna a motar Bukkuyum tana komawa. Kada ka yi komai tukuna. Ka bar ni in yi tunani.

Taka,
Sahura

Abuja, farkon Oktoba

Zuwa ga Sahura,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, gwiwa da sauƙi, na bi maganar likita Sahura. Malami yana nan mota ta riƙe shi a gareji, ban san ranar da zai taso ba, amma zan ba shi wannan ya ajiye.

Takardarki gajera ta iso. Na duba sama na duba ƙasa ban ga rabin raina ba, na san na yi laifi. Kin yi gaskiya. Ke kika tsaya a tsakar gidan nan kika gani, ni labari na ji. Ban raina maganarki ba, tunanin magina kawai na yi, in mun ga fili sai mun ce me za a yi da shi. Ki yafe min zogale, ki yafe min rago.

Na haɗa da wata takarda zuwa ga Hudu. Na ce da zarar siminti ya samu ya zuba kankare a tsakar gida gaba ɗaya, har da wurin nan, kada ya bar ko tafin hannu, kuma kada ya saurari kowa. Na rubuta haka ne don na san Goggo za ta iya zuwa ta sa baki. In na zo ni zan shimfiɗa tayil ɗin da hannuna, ki tsaya a kaina ki yi ta ba da oda kamar matan Abuja.

A mayar min da sunana a takarda ta gaba.

Mijinki,
Muttaka

Gummi, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Muttaka, rabin raina,

Wa alaikumus salam. Ga sunanka na mayar. Muna lafiya, ni da Inna da Goggo da mai naushin ciki. Sun ce saura kaɗan, ka fara shirin tahowa.

Takardarka ta farkon Oktoba sai jiya da yamma ta iso, ta yi kusan wata a aljihun Malami. Da na karanta na gane ba ka ga tawa ta bayan Mauludi ba lokacin da ka rubuta. Na ji daɗin ban haƙurin, har na karanta shi sau da yawa, ya fi na samarin littafi. Sai da na kai ƙarshe na ga maganar kankare. Na tambayi Malami ina takardar Hudu, ya ce ai ita ya fara kaiwa, kuma ya ga an sauke siminti.

Yau da hantsi na ce wa Inna ta rako ni. Na naɗe tabarma na riƙe, ta dube ni ta dubi tabarmar, ta ɗauki mayafinta. Muka tarar sun yi nisa. Sun fara daga bakin zaure, leburori suna ta kai da kawo da kwanon sarki, kankare ya ci rabin tsakar gida, sumul, kamar yadda na yi ta mafarki. Ba zan ɓoye maka ba, ya yi kyau, har na tsaya ina kallo. Muka bi ta gefe muka zagaya baya. Wurin yana nan, an share shi an yayyafa ruwa, yana jiran nasa.

Na ce wa Hudu ya bar nan. Ya ciro takardarka daga aljihu ya ce maigida ya ce kada ya saurari kowa. Na ce ni ba kowa ba ce. Ya ce shi dai ba a rubuta masa haka ba, kuma matar maigida ce da kanta aka ce ba ta son ƙasa, yanzu in ya bari wa zai amsa? Ka ga aikinka. Ka samu mutum mai riƙon amana, har ya yi yawa.

Na shimfiɗa tabarmata a wurin na zauna, da ƙyar, da wannan ciki. Na ce su zuba ko'ina, in sun iso nan su kewaye ni. Leburori suka tsaya da kwano a ka suna kallon Hudu, Hudu yana kallon Inna. Inna ta juya baya tana gyara mayafi, ta daɗe tana gyara shi. Daga ƙarshe Hudu ya ce a kawo katako, ya buga shi a kewayen tabarmar, yana mita wai shi bai taɓa auna gini da mai ciki ba.

Ina zaune suna aiki, sai na ga ƙafata ta zarce bakin tabarma. Na cire silifa ɗaya na ɗora tafin a ƙasa. Sanyi gare ta, da ɗan danshi. Ban janye ba sai da na ga dama. Ban ce tsoron ya tafi ba. In ka zo za ka yi wa wurin ɗan bango mai kai gwiwa da ragowar tayil, yadda mai rarrafe ba zai hau ba. Kuma na tuna a hotunan da ka taɓa turo min akwai wani farin gida mai itace ɗaya tak a tsakiyarsa. Shi ya fi kyau a cikinsu, na ƙi faɗa ne kawai.

Inna ta zo ta durƙusa, ta dumtsi ƙasar ta murza ta shinshina, ta ce mai kyau ce, ta gero ce. A hanyar komawa ba ta ce za ta zauna ba, ka san ta. Ta dai tambaye ni ko Malami yana bi ta Bukkuyum, don tana da saƙo wurin Lukman game da akwatinta da babbar tukunya. Sai kuma ta ce akuyarta fa, ina za a ɗaure ta? Akuya a farin gidana, Yaya. Wannan faɗan na bar shi sai ka zo, kuma ka san ɓangaren da za ka tsaya.

Kada ka yi wa Hudu faɗa, kuma kada ka aiko masa da wata takarda. Kankare ya riga ya kama. Bayan ɗakin Inna akwai wuri faɗin tabarma ɗaya, ƙasa ce, nan za a binne mabiyiyar ɗanmu. Ni na bar shi, kuma ba za a rufe ba.

Taka har kullum,
Sahura